Jiya Ba Yau Ba: Kwalekwale a Rijiya, Raƙumi a Ƙanƙara

Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, bai taɓa ɗanɗana tumatir ba. Bai san attarugu ba, bai san tattasai ba, bai taɓa tauna ƙuli-ƙuli ba, balle a gasa masa masara da damina. Duk da mulkinsa da dawakinsa da fataken da ke sauke kaya a Kurmi, ko rabin taskarsa zai bayar ba mai iya kawo masa ƙwayar gyaɗa ɗaya. A lokacin tumatir da barkono da gyaɗa da masara da rogo duk suna can nahiyar Amurka, kuma sai bayan 1492 jiragen ruwan Turawa suka fara ɗebo su zuwa sauran duniya. To da me ake miya a gidan sarki? Da daddawa, da kuka, da kuɓewa, yajin kuma masoro ne da kimba da citta. Ashe jar miyar nan da wasu ke rantsuwa gadon kakanni ce, baƙuwa ce da ta daɗe har aka manta ranar saukarta.

Gero kam ɗan gida ne. An samu shaidar nomansa a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali tun kimanin shekara 4,500 da suka wuce. Ita kuwa masara, kakarta wata ciyawa ce a Meziko mai ɗan kai da bai wuce ƙwaya goma sha biyu ba, kowace ƙwaya a kulle cikin ɓawo mai tauri. Manoma ne suka yi ta ware mai kyau suna ajiyewa iri, shekara bayan shekara, har wajen shekara 9,000, kafin ta zama abin da muke gasawa. Duk manomin da ke zaɓar zangarniya mafi cika ya rataye don shukar baɗi, aikin nan yake ci gaba da yi, ko bai sani ba.

Kankana ma da can ba ja ba ce. 'Yar'uwarta mafi kusa tana nan a yankin Kordofan na Sudan, cikinta fari fat.

Da hamada kogi ce

A 1987 wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya a kusa da ƙauyen Dufuna, cikin jihar Yobe ta yanzu, sai ya ci karo da katako a zurfin wajen mita 5. Da masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt suka tono shi a 1994, sai ga kwalekwale mai tsawon mita 8 da ɗoriya, an sassaƙa shi daga itace dangin maɗaci, gaba da baya a fiƙe. Gwaji ya nuna ya kai shekara 8,000. Shi ne kwalekwale mafi daɗewa da aka taɓa samu a Afirka, kuma yana cikin 'yan ƙalilan mafiya tsufa a duniya. Mutum na neman ruwan da zai shayar da shanu, sai ya tono jirgin waɗanda ruwa ya yi wa yawa.

Dalili kuwa shi ne Tafkin Chadi na wancan zamani ba wannan ba ne. Kimanin shekara 7,000 da suka wuce faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 350,000. A 1963 saura 25,000. Bayan fari na shekarun 1970 da 1980 ya koma bai kai kashi 1 cikin 10 na hakan ba.

Ina sauran tafkin ya tafi? Wani ɓangarensa yana kan kujerar babur ɗinka duk safiyar hunturu. Kwarin Bodele da ke arewacin Chadi shi ne tsohon gindin tafkin, kuma daga nan mafi yawan hazon da ke rufe mu yake tasowa. Farar ƙurar nan da ke fasa leɓe ta sa yara tari, akasarinta ɓawon ƙananan halittun ruwa ne da suka mutu suka kwanta a ƙasan tafki, har da garin ƙashin kifi. Wata ma ba ta tsayawa a nan: iska na ɗauke ta ta ƙetare Tekun Atlantika ta zuba a dajin Amazon.

A shekarar 2000 wani masanin Amurka mai suna Paul Sereno yana yawon neman ƙasusuwan dainaso a hamadar Tenere ta Nijar, sai ya faɗa kan maƙabarta a wurin da ake kira Gobero. Kaburbura kusan 200, kuma kewaye da su ga ƙugiyoyin kamun kifi na ƙashi, ga ƙasusuwan dorina da kada da giwan ruwa. A wani kabari an sami mace da yara biyu, an kwantar da su suna fuskantar juna hannu cikin hannu, ƙarƙashinsu akwai alamar an shimfiɗa furanni. Yau a wurin ko tsinken ciyawa sai an tona.

A Dabous, arewa da Agadez, akwai raƙumin dawa da aka sassaƙa a jikin dutse, tsawonsa ya haura mita 5, an fitar da kowane zane na fatarsa. Wanda ya yi wannan aiki ba labari aka ba shi ba, da idonsa ya gani. Jikokin waɗancan raƙuman dawa sun kusa ƙarewa ƙaf: a 1996 guda 49 kacal suka rage a duk Afirka ta Yamma, a yankin Kure kusa da Yamai. Da aka hana farautarsu, yanzu sun haura 600, suna kiwo a gefen gonakin wake, manoma na ƙorafi.

Akwai kuma waɗanda ruwa ya janye ya bari a baya. A wani kududdufi tsakanin duwatsun Ennedi na Chadi, mai suna Archei, har yau akwai 'yan tsirarun kadoji a tsakiyar Sahara, raƙuma na shan ruwa a gefensu.

Gaiwa ta fi su dabara. Tana da huhu, tana shaƙar iska. In fadama ta ƙafe sai ta nutse cikin laka, ta lulluɓe kanta da yauƙi, ta kwanta har damina ta dawo. Maganar da Bahaushe ke yi cewa gaiwa jikinta take ci gaskiya ce tsagwaronta: tsokar jikinta take narkarwa tana rayuwa a kai. Danginta sun kai shekara miliyan 400 a duniya.

Sai bishiyar Tenere, wadda ta rage ita kaɗai tilo a fili fetal bayan 'yan'uwanta duk sun mutu, har ta zama alamar hanya ga ayarin gishiri mai zuwa Bilma. Da aka haƙa rijiya kusa da ita, an ga saiwarta ta nutsa fiye da mita 30 tana neman ruwa. Ta jure rana, ta jure guguwa. A 1973 wani direban babbar mota ya banke ta. Duk faɗin hamadar nan! Gangar jikinta na gidan tarihi na Yamai, a gurbinta kuma an kafa ta ƙarfe.

Kowa baƙo ne a inda yake

Asalin raƙumi ba hamada ba ce, Amurka ta Arewa ce. A tsibirin Ellesmere, can ƙarshen arewacin Kanada, an tono ƙashin wani raƙumi mai shekara miliyan 3.5, wanda ya fi na yanzu girma da kusan kashi 30 cikin 100. Masanan da suka yi aikin na ganin faffaɗar ƙafar nan da ke hana shi nutsewa a rairayi, da tozon da ke ajiye kitse, wataƙila a kan dusar ƙanƙara suka fara yi masa amfani. Daga can ya ƙetaro Asiya lokacin da ƙasa ke haɗe, ya ƙare a mahaifarsa. Yau kuma garken raƙuman da suka koma daji mafi yawa a duniya yana Ostareliya, har an taɓa loda su daga can a sayar wa Saudiyya.

A Gadoufaoua ta Nijar an tono wata dabba mai suna Nigersaurus, wadda ta rayu shekara miliyan 110 da suka wuce. Haƙoranta sun fi 500, kuma kowane haƙori mako biyu yake yi wani ya maye gurbinsa. Maƙwabcinta a kogunan wurin wani kada ne mai tsawon mita 9 ko fiye.

A wancan zamani, da akwai mutum, da ƙafa zai taka daga Kamaru zuwa Birazil. A 2024 masana suka ba da rahoton sawun dainaso fiye da 260 iri ɗaya, wasu a arewacin Kamaru wasu a arewa maso gabashin Birazil, an taka su a laka ɗaya shekara miliyan 120 da suka wuce. Yanzu akwai wajen kilomita 6,000 a tsakani, akasari teku, kuma har gobe nahiyoyin biyu na ƙara nisa, da saurin da farcen hannunka ke tsiro.

Sauyin da ake gani da ido

Ba duk sauyin halitta ne ke cin miliyoyin shekaru ba. A Ingila akwai wani ƙwaro dangin malam-buɗe-littafi mai tashi da dare, fari mai ɗigon baƙi, da ke lafewa a jikin itace tsuntsu bai gan shi ba. Da hayaƙin masana'antu ya baƙanta itatuwa, sai fararen suka fito fili tsuntsaye na tsince su. A 1848 aka ga baƙinsa a Manchester. Zuwa 1895 kashi 98 cikin 100 baƙaƙe ne. Bayan dokar tsabtace iska ta 1956 itatuwa suka washe, farare suka dawo. Ba ƙwaron ne ya yi wayo ya sake riga ba. Wanda ya tsira shi ke haihuwa, 'ya'yansa kuma su ɗauko kamarsa; iyakar sirrin ke nan.

Haka ta faru da giwayen Gorongosa a Mozambik. A yaƙin basasa na 1977 zuwa 1992 an kashe wajen kashi 90 cikin 100 nasu, ana sayar da haure a sayi makamai. Kafin yaƙi, giwa mace 1 cikin 5 ce ba ta da haure. Bayan yaƙi, rabin matan da suka rage ba su da shi, kuma suna gadar wa 'ya'yansu mata. Abin da yake ado da makami ya zama sanadin ajali, rashinsa ya zama garkuwa.

Wanda ya girma kafin shekarar 2000 ya san kulorokwin: ɗaci, da ƙaiƙayin nan da ke hana barci kwana biyu. Amma yana aiki a da. A hankali ƙwayoyin zazzaɓin da ba ya iya kashewa suka yi ta yaɗuwa, har a 2005 Najeriya ta sauke shi daga matsayin maganin farko. Duk mai shan rabin magani ya ajiye saura don ya ji sauƙi, horar da ƙwayar cuta yake yi kyauta.

Zazzaɓin cizon sauro ya bar tambarinsa har a jininmu. A 1954 wani likita, Anthony Allison, ya nuna cewa masu AS sun fi jure zazzaɓi mai tsanani. Shi ya sa ƙwayar sikila ta yi yawa a inda sauro ya yi yawa: kusan ɗan Najeriya 1 cikin 4 na ɗauke da ita. Kariya ce ga wanda ya gaji guda, azaba ga wanda ya gaji biyu, kuma jarirai wajen 150,000 ake haifa da amosanin jini duk shekara a ƙasar. Gwajin jini kafin ɗaurin aure bai kai kuɗin lefe ba.

Wani abin kuma: yawancin manyan mutane a duniya, wajen kashi 2 cikin 3, cikinsu ba ya narkar da ɗanyar madara sosai bayan yaye. Waɗanda ke iyawa galibi jikokin makiyaya ne, irin Fulani da Larabawa da mutanen arewacin Turai. In madara na murɗa maka ciki amma kindirmo bai dame ka ba, ba tsafi ba ne: tsami ya rage sukarin da ke wahalar da kai.

Lissafin da ke rikita kai

Sarauniya Kiliyofatara ta Masar ta fi kusa da mu a kan masu ginin babbar dalar Giza. Tsakaninta da ginin dalar wajen shekara 2,500 ne, tsakaninta da saukar mutum a wata a 1969 kuwa wajen 2,000.

Lokacin da ake gina dalar ma, giwaye masu gashi na zamanin ƙanƙara ba su ƙare ba tukuna. Na ƙarshensu sun rayu a tsibirin Wrangel na Rasha har zuwa shekara 4,000 da suka wuce.

Jirgin sama na farko ya tashi a 1903, bai fi daƙiƙa 12 a sama ba. Shekara 22 bayan nan, a Nuwamban 1925, jirage 3 na sojan Birtaniya suka taso daga Masar suka sauka a Kano. Shekara 66 bayan tashin farko, mutum na taka wata. Duk cikin rayuwar mutum guda.

Kakanninmu kuwa in za su Makka sai an yafi juna, don ba a sa ran dawowa. A bi ta Barno, a ratsa Wadai da Darfur, a tsaya a yi ƙwadago a gonakin audugar Gezira a tara guzuri, kafin a kai gaɓar Bahar Maliya. Tafiyar kan ci shekaru. Wani ya tafi saurayi ya dawo da 'ya'ya, wani bai dawo ba sam. Hausawan Sudan da yawa zuriyar waɗannan matafiya ne, da ta waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa Mai Wurno a bakin Nilu. Yau daga Kano zuwa Jidda awa 5 ba ta cika, amma a jinkirta jirgi na yini ɗaya ka ji yadda alhazai ke kumfar baki.

A 1851, da Baturen Jamus Heinrich Barth ya zo Kano, wuri 2,500 ake canzar da azurfa guda. Wurin nan kuwa daga tsibiran Maldives na Tekun Indiya ake kwaso shi. Kafin wayar salula ta shigo a 2001, layukan waya a duk Najeriya ba su kai rabin miliyan ba, kuma layin farko sai mai naira dubu ashirin ko fiye.

Waɗanda ba ma kewa, da wadda za mu yi kewa

Duba damtsen dattijon gidanku, za ka ga tabon lamba zagayayye. Na rigakafin agana ne, cutar da ke kashe kusan 3 cikin 10 na waɗanda ta kama, ta bar saura da zanzana ko makanta. Mutum na ƙarshe da ya ɗauke ta a gari shi ne wani mai dafa abinci a asibiti a Somaliya, a 1977. A 1980 aka sanar ta ƙare a duniya. Ciwon bushiya, wanda ya share garken Fulani a shekarun 1890 ya sake dawowa a farkon 1980, shi ma an rufe babinsa a 2011. Cututtuka biyu ke nan kacal da ɗan Adam ya taɓa gamawa da su baki ɗaya.

Kurkunu na dab da zama na uku. Yaran yanzu ba su san shi ba, kuma Allah ya sa kada su sani. Mutum ya sha ruwan tafki, sai bayan shekara guda ƙafa ta yi bororo mai zafin wuta, farar tsutsa ta leƙo. Tsawonta kan kai mita ɗaya. Ba a fizge ta, don in ta tsinke an shiga uku; a tsinke ake naɗe ta kaɗan-kaɗan kullum, har makonni. Kuma lokacin noma take fitowa, ta kwantar da magidanci gona ta cika da ciyawa. A ƙidayar 1988 an sami mutum fiye da 650,000 da ita a Najeriya, mafi yawa a duniya. Ba allura, ba ƙwaya. Da ƙyallen tace ruwa, da rijiyar burtsatse, da yawon ƙauye-ƙauye irin wanda Janar Yakubu Gowon ya yi tare da cibiyar Jimmy Carter aka ci ƙarfinta. An ga ta ƙarshe a 2008, a 2013 aka ba ƙasar takardar shaida. A 2023 mutum 14 kaɗai suka kamu a duk duniya. Masu cewa komai na da ya fi na yanzu, ban taɓa jin sun sa kurkunu a lissafi ba.

Amma yaushe rabonka da ganin ungulu a mahauta? Da can ba a raba su, suna tsaye a kan katanga suna jiran a watso hanji. Tun 2015 aka sa irin ungulun da muka sani cikin jerin tsuntsayen da ke bakin ƙarewa. Guba da masu sayen sassanta don tsibbu sun gama da ita. Indiya ta riga mu ganin sakamako: da wani maganin shanu ya kashe fiye da kashi 95 cikin 100 na ungulayenta a shekarun 1990, mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnuka suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru.

Ba kullum ake asara ba dai. A yankunan Maraɗi da Damagaram, tun tsakiyar shekarun 1980 manoma suka daina tumɓuke kututture, suna barin tohon su gyara shi, abin da ake kira sassaben zamani. An ƙiyasta itatuwa miliyan 200 sun dawo a kadada miliyan 5, ba tare da an dasa su ba. Da yawansu gawo ne, mai zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana da taki.

Kai kanka, da sama

Jinin da ke jikinka yau ba shi ne na babbar sallar bara ba. Jar ƙwayar jini kwana 120 take yi, kuma ɓargo na ƙera sababbi wajen miliyan 2 duk daƙiƙa. Fatar cikin hanji ba ta cika mako. Jariri na zuwa da ƙashi kusan 300, babba na da 206, don wasu sun haɗe. Cikin abubuwan da ba a sauya maka ba tun kana ciki akwai tsakiyar madubin idonka; shi ya sa yake dushewa da yana in an tsufa.

In ka ɗaga kai da dare ka ga Kaza da 'Ya'yanta, tsohon haske kake gani. Ya baro su wajen shekara 440 da suka wuce, Mai Idris Aloma na kan gadon Barno.

Wata ma guduwa yake yi. 'Yan sama jannati sun bar madubai a kansa a 1969, kuma da su ake auna cewa yana nisantar mu da santimita 3.8 duk shekara, duniya kuma na rage saurin juyawa. Shekara miliyan 380 da suka wuce yini da dare awa 22 ne, shekara kuma kwana 400. A yanzu rana ta fi wata girma sau 400, ta kuma fi shi nisa sau 400, shi ya sa yake iya rufe ta ruf. Nan da shekara miliyan 600 zai yi nisan da ba zai iya ba. Mutanen Gusau da Katsina sun ga irin wannan husufi ranar Laraba 29 ga Maris 2006, gari ya yi duhu da hantsi, kaji suka nufi akurki, masallatai suka cika. Ranar 2 ga Agusta 2027 inuwar za ta ratsa Luxor da Jidda da Makka, sai kuma 20 ga Maris 2034 ta biyo ta Legas da Benin ta wuce Kamaru da Chadi. Mai niyyar kallo ya nemi tabarau na musamman tun da wuri. Baƙin gilashin kasuwa ba ya hana rana ƙona ido.